Daga ina kumfar shamfen take fitowa?

Malam, ka tambaya ko hura wa shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, iska ake yi kamar lemon kwalba. A'a, a cikin kwalbar kumfar take haɗuwa. A yankin Champagne na Faransa, bayan ruwan inabi ya zama giya, sai a ƙara masa yis da sukari, kimanin giram 24 a kowace lita, a zuba a kwalba, a toshe. Yis ya cinye sukarin, ya fitar da iska, iskar ta rasa mafita, ta narke a ciki. Doka ta ce sai giyar ta yi aƙalla wata 15 a ajiye. Daga nan a riƙa juya kwalbar, bakinta ƙasa, har dauɗar yis ta taru a wuya, a daskarar da ita, a fitar.

A daren Kirsimeti da sabuwar shekara masu shanta suna sanyaya ta zuwa digiri 8 ko 10. Mai ɗumi takan yi ambaliya, murfinta kuma yana iya fasa ido.