Hukuncin Ɗibar Ƙwaƙwalwar Mamaci Don Binciken Ciwon Mantuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, Legas. Mahaifinmu yana fama da ciwon mantuwa, har ya daina gane mu. Likitocinsa sun roƙi idan ta Allah ta kasance mu bari a ɗebi ɗan yanki na ƙwaƙwalwarsa don bincike. Yayyena sun ce haramun ne. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka muku da alheri kan jinyarsa.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado, wato masu ɗauke da siffofin da ake gada daga iyaye, kimanin 20,000, iri ɗaya a duk jikinsa, amma ba duka ke aiki a kowace gaɓa ba. Likitocin suna auna waɗanda suka farka da waɗanda suka yi shiru a ƙwaƙwalwar mai ciwo, su gwada da ta mai lafiya, ko a samu alamar gane cutar tun ba ta yi nisa ba. Wannan ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba.

Yayyenka suna da madogara, kada ka raina ta. Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Sai dai malamai sun fahimci hanin a kan wulaƙanci da taɓa gawa ba dalili. Malamanmu na Malikiyya sun halatta tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa. Idan an yi haka don dukiya, ina ga ceto hankalin mutane, wanda shari'a ta fifita a kanta? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta buɗe gawa don gano cututtuka, ta kuma sharɗanta izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa idan don koyar da likitanci ne.

Abin da na rinjayar shi ne ya halatta, amma bai wajaba ba. Amincewar Baba a halin da yake ciki ba ta ƙulluwa, tunda hankali ya gushe. Izinin naku ne ku magada, kuma ban so ka yi gaban kanka alhali yayyenka ba su yarda ba. A ɗebi gwargwadon buƙata kawai, kada a karɓi kuɗi, a binne abin da ya rage. Kada a jinkirta jana'iza. Dama saƙon ƙwayoyin gadon da ake aunawa yana lalacewa bayan rasuwa, likitocin ma gaggawar suke so. A rubuta cewa za a ɓoye sunansa da sakamakon, domin sirrin ƙwayoyin gadonsa sirrin 'ya'yansa da jikokinsa ne.

Wallahu a'alam.