Wa zai auna yaron da aka koyar a gida?

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan iyalinka suna lafiya, saƙonka ya iso ni. Ka ce kana so ka cire yaranka daga lakwal, wato makarantar boko, ka ɗauko musu malami a gida, kuma kana tambaya ko al'adarmu tana da ma'aunin da ake gane karatun gida ya kai. Na yi dariya da farko, domin kai da sai an bi ka da tsumagiya kake zuwa makarantar allo, yau kai ne za ka buɗe makaranta a ɗakinka. Daga baya na ga da gaske kake, sai dariyar ta tsaya.

Mu ba mu tashi mun ga uba yana riƙe da karatun ɗansa shi kaɗai ba. Ni ɗan fari ne, kakanka ko sunana ba ya kira saboda kunya, balle ya zauna yana yabon karatuna. Tun ina ƙarami aka ba da ni riƙo gidan kawuna a unguwar Bagalam cikin Maraɗi, kuma idan aka tambayi kakata dalili sai ta ce mai ɗa wawa ne. A can na yi babbaƙu da farfaru, na shiga zube, ana kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a kuma muna hutu.

Wata kakar gyaɗa, ana gab da samun mulkin kai na 1960, wani dattijon malami ya zo daga Tibiri ya sauka a zauren kawu. Ba wanda ya gaya mini don ni aka kira shi. Da azahar ta yi ya ce in kawo buta, ya kuma ce in fara alwala kafin shi, ya zuba mini ido har na wanke ƙafar hagu. Bayan salla ya sa na wanke allona, ya karanto aya daga tsakiyar wata sura da na wuce tuntuni, ya ce in rubuta in ci gaba da ka. Bai ce daidai ne ba, bai ce ba daidai ba ne. Sai ya ciro dala biyar ya ce in sayo goro a kasuwa, in biya wurin wani maɗinki in gaya masa magana mai gaɓa uku, in kuma dawo da amsarsa yadda ya faɗe ta. Da na dawo ya ƙirga canjin a gabana, ya sa na maimaita amsar, ya tambaye ni wa na tarar a rumfar da kuma yadda na gaishe su. Kakanka yana gefe duk tsawon wannan, yana jan carbi kamar abin bai shafe shi ba. Da za a tashi malamin ya dubi kawu ya ce ana iya fara wa yaron nan littafin fiƙihu na Ahalari. Ranar aka yanka mini zakara.

Kawu yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da yake nufi na baƙo ne. Abin da ke damuna da zamaninku ke nan: maƙwabci ya tsawata wa yaro, uwar ta fito da mayafi a kafaɗa tana neman ba'asi, malamin da kake biya duk wata kuma ba zai taɓa ce maka ɗanka bai iya ba. Yaro ya haddace abin da ke cikin waya, amma a aike shi gida uku ya dawo da rabin magana.

Game da boko kuwa, ka san jarrabawar birbe ta ƙarshen kwaleji da ta bak ta shiga jami'a gwamnati ke shirya su, waɗanda ba su san yaro ba su ke duba takardarsa, kuma tsarin karatun lakwal ake tambaya. Ka je wurin jami'an ilimi na yankinku ka ji sharuɗɗansu kafin ka cire kowa. Idan hutun damina ya zo ka turo mini su Maraɗi su kwana biyu, akwai wani abokina a unguwar Mokoyo da nake so ya gan su, amma kada ka gaya musu dalili. Ka gaishe mini da uwarsu.