Injin da ke rawa da asuba

Ɗana, ka tambaye ni jiya a kan Cessna 172 ɗin nan, wato ƙaramin jirgin sama, mai injin Lycoming O-320, wadda in aka tada injinta da safe takan yi ta kakkarwa kamar mai jin sanyi, bayan minti ɗaya ko biyu ta daidaita. Ka ce ko a sauya fulogi a huta. Kada ka taɓa sifana tukuna.

Fara da gano inda rawar take. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kowanne da maginetonsa, wato na'urar da ke ba shi wuta: ɗaya na hagu (L), ɗaya na dama (R). Tana cikin rawar, juya makulli zuwa L, sannan R. In ta ƙara lalacewa a gefe ɗaya kaɗai, to wuta ce, fulogi ko wayarsa ko maginetonsa. Yawanci fulogin ƙasa ne, don nan dalmar da ke cikin man jirgi 100LL da baƙin mai suke taruwa. Wannan mai sauƙi ne, a wanke, a daidaita tazara, a mayar. Duba kuma ko famfon ba da mai na tada inji a kulle yake, ka tsiyaye tanki ka ga ko akwai ruwa a ƙarƙashin shuɗin man.

Amma in L da R duk ɗaya ne, rawar ba ta canja ba, kuma na'urar auna zafi ta nuna bututun hayaƙin silinda guda ya fi sauran sanyi, a nan hankalina ke tashi. Bawul ɗin fitar da hayaƙi ne ke maƙalewa. Ƙonannen mai da dalma sun taru a ramin da sandarsa ke shiga da fita, da sanyin asuba ramin a matse yake, bawul ya kasa komawa mazauninsa, silindar ba ta matsa iska. Da ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, sai ya saki, injin ya yi lumus, matuƙi ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba, wallahi. Ranar da ya maƙale a sama, sandar da ke tura shi za ta lanƙwashe, bututunta ya tsage, mai ya fara zuba, ga mutane a ciki.

Mu nan Sakkwato abin ya fi kama mu. Zafin Afrilu ya wuce digiri 40, silinda na dahuwa tun jirgi na ƙasa yana jiran izinin tashi, ga ƙurar hunturu da ke bi ta matatar iska ta ɓata mai. Shi ya sa nake matsa maka a kan canjin baƙin mai duk awa 50, da duba faifan da ke karkata iska zuwa silinda, ko robarsa ta yage. Kamfanin Lycoming kansa ya fitar da takardar gargaɗi mai lamba 388 a kan auna motsin bawul cikin raminsa.

Gobe da asuba, kafin rana ta ɗumama ƙarfen, mu haɗu a rumfar jirage. Za mu buɗe murfin silindar da ta yi sanyi, mu cire sifirin ɗin bawul, ka tura bawul ɗin da yatsanka ka ji ko yana tafiya sumul. Kafin nan jirgin ba ya tashi, ka rubuta haka a littafinsa. Farfela kuma kada ka juya ta da hannu sai ka ɗauka wuta na kunne, ko da makullin na aljihunka.