Amsar Goggo kan kajin uwar miji

Uwata, na ga saƙonki. Kin ce kaji biyun da uwar mijinki ta ba ki bayan biki sun yi yawa har sun kai goma sha huɗu, kina so ki fara sayarwa, amma kin rasa ko kuɗin naki ne ke kaɗai ko tana da kaso, kuma kunyar tambaya ta hana ki. Gara da kika tsaya. Na ga zumuncin da ya lalace a kan abin da bai kai kaza ba.

Ki tuna kalmar da ta fito daga bakinta ran da ta miƙo su. In cewa ta yi "na ba ki", to kyauta ce, kaza da ƙwanta da jikokinta duk naki ne. In kuwa "ki riƙe mini" ta ce, wannan kiwo ne, kuma shi kiwo da ƙa'idarsa. A garinmu uwar tana nan a matsayin ta mai ita, 'yan tsakin da suka tsira ake rabawa biyu. Ba ranar ƙyanƙyasa ake rabo ba, sai sun yi fiffike sun wuce hannun shirwa, don kada a raba abin da ba zai kwana ba. Wanda ya mutu ya mutar wa kowa, ba a bin mai kiwo bashi sai in an ga sakaci ƙiri-ƙiri.

Kada ki tare ta da tambaya kai tsaye, ba a yi wa suruka haka. Ki zaɓi zakaran da ya fi cika ido ki kai mata da kanki, ki durƙusa ki ce, "Inna, ga albarkar kajinki." Sai ki saurara. In ta ce "kajina ko kajinki?" magana ta ƙare. In ta ce "sun kai nawa yanzu?" kin gane tana lissafi, sai ki fitar mata da rabinta cikin daɗin rai.

Shi ma maigidanki a yi maganarsa. Kaza a gidan Bahaushe dukiyar mace ce, addini ma ya bar wa mace abin hannunta. In baƙo ya sauka, maigida yana son yanka, ya tambaye ki, ko ya biya ko ki yafe. Marigayi mijina sau ɗaya ya yanka mini budurwar kaza ina unguwa. Ban ce uffan ba, kwana uku ya sha miyar kuka ba man shanu, da kansa ya sayo mini biyu ranar kasuwa.

Amma ko da naki ne, uwa ba a sayar da ita. Kaza mai kwanci da kyau, mai tare wa 'ya'yanta shaho, ta fi kuɗin da ɗan kaji zai ba ki. Zakaru za ki riƙa fitarwa, ɗaya ya ishi kajinki. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Da damina zabi ke zuba ƙwai, ki saya ki sa wa kaza ta kwanta a kai, shi yana kai wa mako huɗu. Da haka na haɗa kuɗin akuyata ta fari.

Sayarwa kuma da lokacinta: gab da Sallah, da Kirsimeti lokacin da 'yan kaji ke lodi zuwa Kudu. Kada ki yarda hunturu ya same ki da akurki cike. Sanyin nan shi ke zuwa da cutar kajin nan, fakat, ki wayi gari kaza ta sauke fiffike tana zawo kore, wuya ya murɗe. Mu da ɓawon maɗaci muke jiƙa musu da barkono, kuma gaskiya muna binne fiye da waɗanda muke ceta. Ku kun samu rigakafin da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, wanda ake ɗigawa a ido. Ki nemi malamin dabbobi tun kaka. Kazar da kika sayo a kasuwa kuma kada ki haɗa ta da naki sai ta yi mako biyu a gefe.

Sauran duk kin sani: dusa, tsaki, toka a akurki saboda ƙuma. In za ki iya, ki kife tsohuwar tukunya da kashin shanu da kara a bakin suri, da safe ki kwaso wa 'yan tsaki gara.

Ki gaida maigidan. In kin je wurin Innar taku, ki sanar da ni abin da ta ce, kalma da kalma.