Ramin da ka gani ƙofar fita ce

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka ɗora katakon rufinka a kan duwatsu kamar yadda manya ke yi, amma ga gari yana zubowa daga 'yan ramukan da ke jikinsa, to ko dai al'adar camfi ce kawai?

Al'adar tana da dalilinta, sai dai maganin gara ce, kai kuwa ƙwaron nan mai huda itace ne ya kama maka katako. Gara daga ƙasa take tahowa, kuma ba ta jure bushewa da sarari, shi ya sa take gina 'yar hanyar laka tana bi ta ciki. In katako na bisa dutse, dole ta ja wannan layin a inda ido zai gani, kai kuma ka kankare. Aikinta na taro ne, da sarauniya da ma'aikata da sojoji. Tana cinye ciki ta bar maka fatar waje kamar takarda, ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo. Masana ma sun ce dangin kyankyaso ce, abin da har yau nake jinjinawa.

Shi ƙwaro ina ruwansa da dutsenka, fiffike gare shi. Macen takan saka ƙwai a tsagar itace, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta huda daga ciki, wani irin watanni, wani shekara 3 ko 4. Sai ta rikiɗe ta zama ƙwaro sannan ta fasa ta fito. Ɗan zagayayyen ramin nan da bai wuce milimita 1 ko 2 ba, ƙofar fita ce, mai ɓarnar ya riga ya tafi, wataƙila ma da ƙwansa ka sayo katakon. Domin shi ne manya ke ɓare ɓawo, su sassaƙe farin gefen itace inda abincinsa ya fi yawa, su bar jan cikin, su kuma ƙyale shi ya bushe sosai kafin a ɗora. Ina jin wannan rabin ne ba a faɗa maka ba, laifinmu ne.

Yanzu ka share garin tas, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashi, ka koma bayan mako biyu. In ka tarar da sabon gari mai laushi, akwai masu rai a ciki, ka ware wannan katakon daga sauran tun bai kai rufi ba. In kuwa 'yan ƙwayoyi ne masu tauri kamar yashi, ka sake rubuto mini, don akwai garar da ke zama cikin busasshen katako ba ta neman ƙasa.

Ka gai da mutanen gida.