Amsa: Godot na rufewa in na ja girman taga

Ɗan'uwa, ka ce wasan da kake haɗawa da Godot, injin haɗa wasannin kwamfuta, na mutuwa duk sanda ka ja girman taga a shafin zaɓi. Na sha wannan wahalar bara, ina haɗa wasan dara a shagona da ke Wunti, nan Bauchi. Kwana uku ina fama.

Fara duba siginar resized, wato sanarwar da abu ke aikowa in girmansa ya sauya. In a cikinta kake sauya girman abin da ya aiko ta, sauyin zai sake tayar da ita, su yi ta kiran juna har injin ya faɗi. Nawa layi ɗaya ne tak ya jawo. Sa sharaɗi kada a sauya sai in girman ya bambanta, sannan ka jinkirta aikin da call_deferred, umarnin da ke ajiye kira zuwa an jima.

Abin da ke cikin VBoxContainer (kwantenar da ke jera abubuwa daga sama zuwa ƙasa) kuwa, kwantenar ce ke yanke masa wuri da girma. Kada ka ja da ita, ka ba shi custom_minimum_size kawai, wato mafi ƙanƙantar girman da zai iya yi. A Godot 3 sunansa rect_min_size.

In maɓalli zai goge kansa bayan an danna shi, queue_free() za ka kira, ba free() ba.

In ya ƙi, kunna wasan da --verbose, don ya rubuto cikakken bayanin abin da yake yi, ka turo mana layukan ƙarshe, mu duba tare.