Likita na amsawa: gyaran jiki bayan ƙuna da haɗari

Wata uwa daga Tudun Jukun a Zariya ta rubuto: "Likita, ɗana mai shekara 4 ya faɗa kaskon wuta da sanyin bara. Ƙunar ta warke, amma yatsunsa sun lanƙwashe sun manne da tafin hannu. Zai gyaru kuwa?"

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Zai gyaru da yardar Allah, amma don Allah kada ki bi shawarar masu cewa a bari sai ya girma. Fatar da ta ƙone tsukewa take yi idan tana warkewa, ta janye gaɓa. Ƙashin yaro yana ƙara tsawo, tabon kuwa ba ya biye masa, sai yatsun su ƙara karkacewa. Likita zai saki wurin da ya ɗaure, ya ɗebo fata daga wani sashen jikin yaron, kamar cinya, ya dasa a gurbin.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan sallama. Iyaye da yawa da sun ga dashen ya kama sai su ɗauke ƙafa, alhali akwai watanni na ɗaura abin da zai riƙe yatsun a miƙe, da motsa su kullum yadda ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi suka nuna. In aka yi sakaci da wannan, hannun komawa yake yi gidan jiya. Ki kai shi asibitin koyarwa na Shika su duba. Ga sauran iyaye kuma: ƙuna ruwan famfo take so na minti 20. A bar ɗanyen ƙwai, manja da makilin.

Wani ɗan acaɓa daga Samaru, wanda ya yi haɗari wata 3 da suka wuce, yana son a cire masa tabon kunci, amma an ce masa roba ake liƙawa.

Ɗan'uwa, babu wata roba. Sunan aikin a Turance, wato plastic surgery, ba roba yake nufi ba, daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin siffanta abu, kuma galibi da fatarka da tsokarka ake gyaran. Sai dai kada ka yi gaggawa. Tabo yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta ya yi laushi, kuma tiyata rage shi take yi, ba ta shafe shi. In ka ga yana tudu, yana ƙaiƙayi, yana wuce iyakar raunin, ka zo da wuri, domin irin wannan ya fi kama baƙar fata, kuma yanka kaɗai kan sa ya dawo. In kana shan taba ka daina, tana hana jini isa wurin rauni.

Mai injin markaɗe a Sabon Gari ya tambayi abin yi idan inji ya guntule yatsa.

Malam, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun. A naɗe yatsan a tsumma mai damshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Sai asibiti nan take. Ba kowane yatsa ke mayuwa ba, musamman wanda inji ya murƙushe, amma a bar likita ya gani da idonsa.